Yadda Ɗan Babur Zai Kare Kansa Daga Jiƙewa a Daminar Legas

Tun da ruwan bana ya sauka, da wuya a kwana biyu wani bai tare ni a Agege ba, ko ya bugo mini waya, da tambaya guda: "Yaya, wace rigar ruwa zan saya? Wadda na saya ko wata ɗaya ba ta yi ba, ga shi kullum sharkaf nake komawa ɗaki." Galibinsu samari ne da ba su daɗe da zuwa daga gida ba, wasu na acaba, wasu na kai saƙo da abinci. Amsar ba ta yiwuwa a tsaye a bakin titi, shi ya sa na zauna na jero ta daki-daki.

A gida mun saba hadari ya haɗu, iska ta taso, a yi ruwa na awa ɗaya, gari ya washe. Mutum ya fake a rumfar mai shayi, ya gama ya ci gaba da nema. Legas ba haka take ba. Damina kan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba. Ruwa kan soma da asuba ya zarce da yayyafi har la'asar. Wanda ya ce sai ya ɗauke zai fita, ranar babu na cefane balle na aikawa gida.

Abin da shekarun da na yi a kan babur a garin nan suka koya mini shi ne, ruwa ba ta tsakiyar yadi ya fi shiga ba. Ta ƙofofi yake shiga: wuya, bakin hannu, zif, ɗinkin tsakanin cinyoyi, da bakin ƙafar wando. Ga kuma wani ruwan da ke fitowa daga jikinka, wato gumi. Duk matakan da ke ƙasa a kan toshe waɗannan ƙofofi suke.

1. Zaɓi riga da wando, ba mai burmi ba

Iri uku za ka fi gani a kasuwa. Akwai sharar leda da ake tallarta a cunkoson motoci. Wannan ta mai tafiya a ƙasa ce, a kan babur iska kan yage ta tun tafiya ba ta yi nisa ba. Akwai mai burmi, faffaɗa kamar babbar riga, wadda ake zurawa ta kai ta rufe direba, wani lokaci har da fasinja. Sai kuma riga da wando. Na ƙarshen nan shi za ka saya.

Gargaɗi: mai burmin nan ta fi kowace jan hankalin sabon shiga, don tana da sauƙin sawa kuma iska na ratsa ta. Amma bakinta na lilo daidai wajen sarƙa da tayar baya. Idan sarƙa ta cafke shi, ta wuya za ta fizgo ka. Iska kuma tana cika ta, ta rufe madubi, babbar mota ta gifta ka ji babur na neman ƙwacewa. Haka lemar da wasu ke ɗaurawa a kan babur, iskar gefe ɗaya ta isa ta kai mutum ƙasa.

Game da yadi, mafi yawan masu araha na roba ne mai kauri da ake kira PVC. Ba ya yoyo ko kaɗan idan sabo ne, sai dai yana da nauyi, ba ya fitar da gumi, kuma yana tsagewa a inda ake yawan naɗe shi. Na biyu yadin nailan ko foliyesta ne da aka shafe cikinsa da wani siririn rufi mai hana ruwa. Ya fi sauƙin nauyi da naɗewa, ni shi na fi so ga mai wuni a kan hanya. Na uku su ne irin su Gore-Tex, masu tare ruwan sama su bar tururin jiki ya fita. Sabonsu ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma ana dacewa da su a gwanjo, a Katangowa da ke Abule Egba, ko Yaba, ko Aswani ranar Talata.

Wasu rigunan za ka ga an rubuta musu lamba kamar 5,000mm ko 10,000mm. Ma'aunin matsin ruwan da yadin ke iya jurewa ke nan kafin ya fara tsattsafowa. Mai tafiya a ƙasa 5,000 ta ishe shi. Kai da gudu ke watsa wa ruwa a ƙirji, kuma kake zaune a kan jiƙaƙƙiyar kujera da duk nauyinka, nemi 10,000 ko sama da haka idan da hali. Kada dai lamba ta rufe maka ido, ana buga ta a jikin jabu ma.

Launi ba ado ba ne a nan. Baƙar riga a cikin duhun hadari, a gaban direban danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, da gilashinsa ya yi hazo, daidai take da babu kowa a wurin. Ɗauki ruwan ɗorawa, ko ruwan lemo, ko kore mai haske, wadda ke da layin nan mai ƙyalli idan fitila ta haska shi. Idan baƙa ce kaɗai ka samu, ɗora falmaran mai ƙyalli a kai.

2. Gwada ta a gaban mai shago

Nan ne mafi yawa ke yin asara, don kunya ko sauri sun sa sun karɓi kaya a cikin leda sun tafi. Ka ware minti goma.

Fara da juya rigar ciki waje. Duk inda allura ta bi, ta bar huda. Riga ta gari za ka ga an bi kan kowane ɗinki da wani siririn tef an manne shi da zafi, ko kuma an narke robar an haɗe ta ba tare da zare ba. Idan zare tsirara ka gani, ajiye ta, komai kyawun yadin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka sa farce ka ɗan taɓa bakin tef ɗin, idan ya ɗago da sauƙi, ruwa biyu zai yi ya rabu.

Sannan ka kunna fitilar wayarka ka sa ta cikin rigar, ka bi kafaɗu da gwiwar hannu da mazaunin wando. Duk inda haske ya ɓullo kamar tauraro, huda ce.

Sai gwajin da na fi yarda da shi. Sayi fiya wata guda, ka kama wandon ta yadda tsakanin cinyoyin zai zama kamar ƙoƙo, ka zuba ruwan, ka riƙe na minti biyu kana ɗan matsawa da hannu ta ƙasa. A nan ɗinki huɗu ke haɗuwa, kuma nan ne ruwan da ya gangaro daga tanki da cikinka ke taruwa idan kana zaune. Wandon da ya faɗi wannan gwaji shi ne ke sa mutum ya sauka daga babur da jiƙaƙƙen gaba, ya kasa shiga cikin mutane. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba.

Duba zif. Dole ya kasance da marfi a kansa, wanda ke rufewa da maɓalli ko abin mannewa, in so samu ne marfi biyu. Wuyan rigar ya tashi har ƙarƙashin haɓa. Bakin hannu ya kasance da maɗauri ko roba mai kamawa.

Daga nan ka sa su a kan kayan jikinka, ka tsuguna, ka miƙa hannu gaba kamar ka riƙe kan babur. Hannun riga bai kamata ya janye ya bar tsintsiyar hannunka a waje ba. Bayan rigar ya rufe ƙugu har ya sauka kan mazaunai. Ƙafar wando ta kai idon sawu kana zaune, ba kana tsaye ba. Kusan kullum wanda ya ɗara girmanka da mataki ɗaya shi ne daidai.

Gargaɗi ga mai sayen gwanjo: sansana cikin rigar. Idan tana wani wari mai tsami, ko cikinta na danƙo, ko wani farin abu na barewa kamar amosanin kai, rufin cikin ya mutu, ba ya kuma gyaruwa. Sunan kamfanin da ke jikinta ba zai tare maka ko ɗigo ɗaya ba.

3. Abin da za ka sa a ciki

Da yawa kan ce rigarsu na yoyo alhali gumi ne. Iskar Legas da damina cike take da laima, jiki ba ya bushewa da kansa, ka kuma kulle shi cikin roba. Auduga ita ce matsala: singileti da shadda da wandon jins suna shan ruwa su riƙe, su manne a jiki, iska ta buga ka fara rawar ɗari. Sa rigar ƙwallo, irin ta foliyesta, da wando mara nauyi. Ko sun jiƙe, kafin ka gama cin abinci sun sha iska.

Kaftani da doguwar riga ka bar su sai Juma'a. Idan bakin rigarka ya leƙo ta ƙarƙashin rigar ruwa ko da faɗin yatsa biyu ne, zai ja ruwa sama yadda lagwani ke jan kananzir, kafin awa guda ya kai maka ciki. Duk abin da ke ciki a cusa shi cikin wando.

Ka riƙe busasshiyar riga da wando marasa nauyi a ƙulle cikin leda. Ruwan da ke kwance a titunan nan ya gauraya da na kwata, ba wanda zai so ya tsaya salla da kayan da ya fantsama wa.

4. Ƙafa da hannu

Silifas ba takalmin tuƙi ba ne ko da rani, balle da damina da ƙafa ke zamewa daga kan burki. Takalmin ruwa na roba, irin na masu aikin gini, shi ne mafi sauƙin samu kuma yana aiki. Zaɓi wanda tafinsa ke da zane mai zurfi, kuma bai yi maka yawa ba. Ranar farko ka gwada canja giya da shi a cikin layi, don kansa ya fi na takalmin da ka saba kauri. Idan ba ya shiga ƙarƙashin sandar giya, bakanike zai ɗaga maka ita kaɗan, aikin minti biyar ne.

Sa safa, kuma ka riƙe ta canji. Dabarar zura leda a kan safa tana fitar da mutum na tafiya ɗaya, amma wanda ya mayar da ita ta kullum, ƙafarsa za ta wuni cikin gumi, ta yi fari, tsakanin yatsu ya tsage ya kama ƙaiƙayi. Bayan kowace alwala ka tsane tsakanin yatsun kafin ka mayar da safa. Mai ciwon suga ya fi kowa bukatar kula da wannan, don ƙaramin rauni a ƙafarsa ba ya saurin warkewa.

Hannu kuwa, abin da ake nema riƙo ne kafin bushewa. Safar hannu ta ulu ko ta yadi tana shan ruwa ta yi santsi. Ta ma'aikata mai shafin roba a tafi ta fi. Idan kana son hannu ya bushe sarai, sa siririyar safar roba irin ta asibiti a ciki, ka ɗora wannan a kai. Kada ta yi kaurin da za ka kasa jin kulochi da burki.

5. Hular kwano da wuya

Gilashin hular ya zama fari tas. Mai duhu ko mai launi ka cire shi har damina ta wuce. Wanda ya karce sosai ma a canja shi, don da dare fitilun motoci na tarwatsewa a kan karcen da ɗigon ruwa, ka daina ganin komai.

Hazon da numfashi ke sawa a cikin gilashi yana da magani mai arha. Ɗiga ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a cikin gilashin, ka shafe ko'ina da yatsa, ka bari ya bushe, ka goge a hankali da tsumma mai laushi har ya washe. Yakan kai wuni. Sannan ka bar gilashin a ɗan ɗage, faɗin yatsa ɗaya, iska na shiga.

Gargaɗi: kada ka goge wajen gilashi da busasshen tsumma idan taɓo ya fantsama, yashin da ke ciki ne ke karce shi. Zuba ruwa tukuna. Maganin korar ruwa da ake shafa wa gilashin mota kuma kada ka sa, sai wanda aka rubuta cewa na roba ne, don gilashin hula roba ce.

Wuya shi ne ƙofar da ta fi wuyar toshewa. Ruwa na gangarowa daga bayan hula ya bi ƙeya ya sauka gadon baya. Idan hular da ke jikin rigar ruwan siririya ce, sa ta a kai sannan ka ɗora hular kwano, muddin ba ta hana ka waiwaye ba kuma hular kwanon ta zauna daidai. In mai kauri ce, naɗe ta ciki. Kada ka bar ta tana reto a baya, ruwa take tarawa ta juye maka. Ƙaramin tawul a wuya, a cikin riga, yana tare abin da ya tsallake. Idan ya jiƙe a matse shi ko a canja.

6. Idan kuɗin bai kai a saya gaba ɗaya ba

Farashin kayan nan yana bin dala, yana kuma tashi da zarar ruwa ya kankama. Mai dabara tun Fabrairu ko Maris yake saye. Ka taya a shago uku kafin ka ciro kuɗi, kuma idan ku huɗu ne ko biyar a ɗaki, ku haɗa ku saya tare a wajen 'yan sari a Idumota ko kasuwar Trade Fair, ragin da za a yi muku ba kaɗan ba ne.

Mai kyau takan ninka mai araha sau biyu ko uku a kuɗi. Amma wanda ya sayi mai araha sau uku a damina ɗaya ya biya kuɗin mai kyau, ya kuma sha dukan ruwa a tsakani. Araha ba ta ado. Ga kuma ranakun da mura ta kwantar da shi, wanda ya ba shi babur ɗin na jiran balas, wato kuɗin da ake kai masa.

Idan bi da bi za ka saya, ga yadda nake ba da shawara: farin gilashin hula da farko, don gani ya fi bushewa. Sai riga da wando. Sai takalmi. Safar hannu a ƙarshe. Idan kuɗin na abu ɗaya ne mai kyau tsakanin riga da wando, zuba shi a wando. Riga mai matsakaicin kyau tana iya kai ka, wando mai yoyo ba ya kai kowa ko'ina.

7. Tsarin sawa

Duk wanda ya taɓa ganin ana rufin kwano ya san ana farawa daga ƙasa, na sama ya hau kan na ƙasa, don ruwa ya gangara bai samu baki ba. Haka za ka sa kaya.

Takalmi da farko. Sai wando, ƙafarsa a kan takalmi, ba a cusa ta ciki ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a titi: mutum ya cusa wando cikin takalmin ruwa don kada ya ɓaci, duk ruwan da ya sauka a cinyarsa ya zarce cikin takalmin, ya wuni da ƙafa cikin bokiti biyu. Ja ƙugun wandon sama har cibiya. Sai riga a kan wando. Ja zif har ƙarshe, rufe marfinsa tun daga ƙasa, kada ka tsallake maɓalli ko ɗaya. Sai safar hannu, bakinta a cikin hannun riga, ka ɗaure a kai, don ruwan da ke bin hannunka ya wuce ta sama. Hular kwano a ƙarshe.

Da ka hau, shafa gaban rigar ƙasa don kada ta yi aljihu a kan cinya inda ruwa zai kwanta. Ka kuma duba ƙafar wando ta dama. Salansa na narkar da roba nan take, idan wandon na da faɗi ka ɗaure bakinsa da robar tsohon tub, ta hagu ma haka saboda sarƙa.

Lokacin sawa ma yana cikin tsari. Da ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, tsaya ka sa. Minti uku ne. Wanda ya jira sai ya jiƙe sannan ya rufa roba a kai, ya kulle ruwan ne a jikinsa. Idan kuma ruwa ya tsagaita, buɗe zif zuwa ƙirji ka sha iska tun gumi bai taru ba.

8. Waya, takardu, kujera

Waya a cikin leda mai zif, a aljihun ciki. Masu kai saƙo da dole sai sun ga taswira su nemi jakar waya mai rufi da ake ɗaurawa a kan babur, su cire wayar caji idan ana ruwa. Wayar da ruwa ya shiga a kashe ta, kada a sa ta caji sai ta bushe sarai. Takardun babur da kuɗi su ma leda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Akwatin kaya ka duba bakin murfinsa, in ba shi da roba ka manna masa, ka sa kayan mutane cikin babbar leda kafin su shiga.

Kujerar da ta yage soso ce cike da ruwa. Kwana biyu bayan ruwa tana jiƙa wandon duk wanda ya zauna, fasinja kuwa ba ya mantawa. Kai ta a sake mata fata kafin damina. Murfin tayar gaba kuma ka ƙara masa leɓe da guntun tsohuwar taya, yana rage taɓon da ke watsowa ƙafa da filogi.

9. Tuƙi cikin ruwa

Farkon saukar ruwa ya fi tsakiyarsa santsi, musamman bayan kwanaki ba a yi ba, don man da motoci suka zubar yana tasowa ya kwanta a kan kwalta. Idan za ka fake na kwata ɗaya, a nan ya fi amfani. Kada ka fake ƙarƙashin bishiya ko allon talla ko kusa da taransifoma. Kunna fitila ko da rana ce. Ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba. Taka burki a hankali, gaba da baya tare, kuma kafin kwana, ba a cikinta ba. Farin fentin titi da murfin ƙarfe da faranti na ƙarfe da ake shimfiɗawa a wajen aikin hanya, bi ta kansu a miƙe ba tare da burki ba. Tayar da zanenta ya shafe ba ta da abin korar ruwa, wannan kam ba batun dabara ba ne, a canja ta.

Babura irin su Boxer burkinsu na cikin ganga ne. Idan ka ratsa ruwa, yakan ɗauki ɗan lokaci bai kama ba. Da ka fito, ɗan taka shi sama-sama kana tafiya a hankali har ka ji ya dawo, tun kafin ka bukace shi.

Ruwan da ya kwanta ya fi wanda ke sauka haɗari. Waɗanda suka ga ruwan 3 ga Yuli, 2024, lokacin da Iyana Oworo ta cika har motoci suka kasa hawa gadar Third Mainland, sun san yadda titi ke komawa kogi cikin 'yan awoyi. Kwatocin Legas da yawa a buɗe suke, masu zurfi, idan ruwa ya shafe bakinsu ba ka bambance titi da rami. Kada ka bi gefe. Tsaya ka ga inda mota ko Keke ta bi da inda ruwan ya kai mata, ka bi sawunta. Idan ya wuce tsakiyar tayarka, ko yana gudu da ƙarfi, juya. Idan ka shiga, giya ta ɗaya, wuta daidai ba sassautawa, don kada ruwa ya shigo ta salansa. Fasinja ya sauka tukuna, ko da zai yi fushi. Wayar lantarki da ta faɗo cikin ruwa kuwa, ko daga nesa ka hango ta, canja hanya.

Gargaɗi: idan babur ya mutu a cikin ruwa mai zurfi, kada ka buga kik. Idan ruwa ya shiga inji ka tilasta shi, ƙarfen cikin na iya lanƙwashewa, gyaran ya koma na sauke inji. Tura shi waje, a cire filogi a fitar da ruwan, a duba matatar iska, a zubar da abin da ke cikin kafireto. Baƙin mai idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, a juye shi a ranar.

Wani abin da ruwa ke jawowa shi ne sauya hanya. Layi ya cika, sai zuciya ta ce hau babban titi ka zagaya. Ka tuna tun 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin jiha ta haramta acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga 1 ga Satumba na shekarar ta ƙara da Kosofe, Oshodi-Isolo, Somolu da Mushin, ga manyan tituna da gadoji da doka ta hana tun kafin nan. Baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Ruwa ba uzuri ba ne a wajen jami'ai, gara ka jira ya janye.

10. Bayan ka dawo ɗaki

Na san yadda ɗakunanmu suke, mutum biyar ko shida, ƙusa ɗaya a bango. Duk da haka kada ka dunƙule jiƙaƙƙiyar riga ka tura ƙarƙashin kujerar babur. Kwana biyu ta isa ta yi fumfuna da wari, tef ɗin ɗinkin ya fara saki. Ɗauraye taɓon da ruwa zalla, ka rataye ta a inuwa inda iska ke bi, wajen ya tsane, sannan ka juya cikin. Ban da guga, ban da kusa da risho ko janareto, ban da barin ta kwana da kwanaki a rana. Idan wanki ya kama, sabulu kaɗan da soso mai laushi, ba bilic, ba murza ta da ƙarfi.

Takalmi a kife shi ya tsiyaye, a cusa masa tsohuwar jarida ta kwana, da safe a cire. Soson cikin hular kwano in yana cirowa a ciro shi ya sha iska. Ka wanke ƙafa da hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, kwalarar da ta ɓarke a Legas a Yunin 2024 da damina ta zo. Zazzaɓi kuma idan ya kama ka, kada ka ce dukan ruwa ne kawai ka sha maganin ciwon kai ka fita. Lokacin sauro ne, je a gwada jininka.

Ƙaramar huda a yi mata faci tun ba ta girma ba. Wanke wurin, ya bushe sarai, ka yanko ƙyalle daga tsohuwar rigar ruwa irin yadin, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi don kada su ɗago, ka shafa gam a duka biyun, ka jira ya ɗan sha iska, ka manne ta ciki, ka danne da abu mai nauyi har safe. Rigar PVC gam ɗin PVC take so, na facin taya ba ya daɗewa a kanta. Idan tela ya ɗinke maka yaga, ka bi kan ɗinkin da gam da ƙyalle ta ciki, in ba haka ba ya ƙara maka huda ɗari ne.

Kafin ka shiga ɗaki, goge sarƙa ka ɗiga mata mai tun tana da ɗumi, don ruwa ya wanke na jiya, iskar bakin teku kuma ba ta jira wajen sa tsatsa. Kayan ruwan idan sun bushe a naɗe su kamar tabarma, ba ninki huɗu a layi ɗaya kullum ba, wando a waje tunda shi ake sawa kafin riga, a ɗaure su a inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.